Ya tsira daga haɗari, amma yaya rayuwarsa? Tambayar da ya kamata a yi masa da Hausa

Duk lokacin da aka yi mummunan haɗari a ƙasar nan, alƙaluma biyu ne ke fitowa a labarai: mutum kaza sun rasu, mutum kaza sun jikkata. Waɗanda suka rasu a yi musu sutura, a yi zaman makoki, hukuma ta aiko da saƙon ta'aziyya. Waɗanda suka jikkata kuwa, da zarar an ce an garzaya da su asibiti, to labarinsu ya ƙare ke nan.

A watan Oktoban 2024 tankar mai ta fashe a garin Majiya da ke Ƙaramar Hukumar Taura a Jihar Jigawa, sama da mutum 150 suka rasu. Bayan wata uku, a Janairun 2025, aka sake ganin irin wannan musiba a mahaɗar Dikko da ke Jihar Neja. A duka wuraren biyu akwai waɗanda suka fita da ransu amma da ƙuna mai tsanani. Nawa ne daga cikinsu suka koma gona ko kasuwa? Nawa ne ke iya sa riga da kansu? Nawa ne har yau barci ke gagarar su? Ba irin waɗannan alƙaluman ake karanta mana a taron manema labarai ba.

Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta ce mutum 5,421 ne suka rasu a kan titunan Najeriya a 2024, sama da 30,000 kuma suka ji rauni. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa haɗarin mota na kashe kimanin mutum miliyan 1.19 duk shekara a faɗin duniya, yana kuma raunata tsakanin miliyan 20 zuwa 50. Wato masu rai da rauni sun ninka mamata sau da yawa. Ka ƙara da waɗanda 'yan bindiga suka harba, da waɗanda bam ya tashi da su, da leburan da ya faɗo daga gini, da yaron da injin niƙa ya kama wa hannu.

Ra'ayina shi ne, takardar sallama daga asibiti ba shaidar warkewa ba ce. Dole a riƙa bin sawun waɗannan mutane ana tambayarsu yadda rayuwarsu take, a cikin harshen da suke tunani da shi, da tambayoyin da suka dace da irin rayuwar da suke yi.

Hoton ƙashi ba ya nuna komai da komai

Likita yana da abubuwan da yake aunawa: ƙashi ya haɗu, miki ya rufe, zazzaɓi ya sauka. Duk suna da muhimmanci. Amma a ɗauki mutum biyu da suka karye a cinya a rana ɗaya, aka yi musu aiki iri ɗaya, hoton ƙashinsu ya fito iri ɗaya. Na farko ma'aikacin ofis ne, bayan 'yan watanni ya koma kan kujerarsa, albashinsa bai taɓa tsayawa ba. Na biyu ɗan ga-ruwa ne, ba ya iya tura kura, ba ya iya tsuguno, matarsa ta sayar da akuyar da ta rage. A fayil ɗin asibiti duka biyun sun warke. A gida, ɗaya ne kawai ya warke.

Wannan giɓi ne ya sa masana lafiya suka ƙirƙiro takardun tambayoyi da majinyaci ke amsawa da bakinsa. Amsoshin ake mayarwa maki, a kwatanta halinsa na yau da na wata shida masu zuwa, ko a kwatanta majinyatan wannan asibiti da na wancan.

Sanannu daga cikinsu akwai SF-36, wadda aka fitar a Amurka a 1992, mai tambayoyi 36 da suka shafi fannoni 8 na rayuwa. Akwai EQ-5D ta wata ƙungiyar masana da aka kafa a Turai a 1987, wadda ke duba abu 5 kacal: tafiya, kula da kai, ayyukan yau da kullum, ciwo, da damuwa, sannan ta nemi mutum ya nuna matsayin lafiyarsa a kan ma'auni daga 0 zuwa 100. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da tata, WHOQOL-BREF, mai tambayoyi 26. Ga waɗanda suka samu rauni a ƙwaƙwalwa kuma akwai QOLIBRI mai tambayoyi 37, wadda ta fito a 2010.

Ba a bar su a ɗakin bincike kawai ba. A Jihar Biktoriya ta ƙasar Ostareliya akwai kundin rijistar masu munanan raunuka tun 2001, kuma ana kiran waɗanda suka tsira a waya bayan wata 6, da wata 12, da wata 24, a tambaye su halin da suke ciki da ko sun koma aiki. Daga irin wannan bibiya aka gane cewa mutane da yawa na ci gaba da fama da ciwo da nakasa shekaru bayan sallama. A Ingila kuwa, hukumar da ke tantance magungunan da gwamnati za ta biya tana dogara da makin EQ-5D wajen yanke hukunci. Kenan waɗannan takardu suna juya akalar kuɗi da manufofi.

Inda fassara ke yin tuntuɓe

Matsalar ita ce kusan dukkansu da Turanci aka fara rubuta su, kuma da rayuwar Bature aka auna su.

A SF-36 akwai tambayar da ke son sanin ko lafiyarka tana hana ka yin aiki mai matsakaicin nauyi. Misalan da ta bayar su ne matsar da tebur, tura na'urar zuƙe ƙura, wasan mirgina ƙwallo don kayar da sanduna, da wasan golf. Ka je Bakori ko Gumel ka tambayi manomin da aka yanke wa ƙafa ko rauninsa yana hana shi buga golf. Wata tambayar tana auna tafiya da tazarar layukan gidaje irin na biranen Amurka, wata kuma da hawa matakalar bene hawa da yawa, alhali akwai ƙauyen da babu bene ko ɗaya. Akwai ma inda asalin takardar ta yi amfani da salon Turancin Amurka da ke kwatanta baƙin ciki da launin shuɗi. Mai fassara kalma da kalma sai ya tambayi Bahaushe ko ya ji ya yi shuɗi. Su kansu masu takardar sun cire wannan kalma a bugu na biyu.

Ba mu kaɗai wannan ta shafa ba. Da mutanen Suwidin suka fassara SF-36, sun cire wasannin nan biyu suka sa yawo a daji da aikin lambu. Mutanen Holan suka sa hawan keke. A Japan aka sa sharar gida da tsakar gida da tafiyar awa ɗaya zuwa biyu. Kowa ya nemo aikin da nauyinsa ya yi daidai da na asali amma mutanensa sun san shi. Mu ma muna da namu: jan ruwa daga rijiya, daka, shara da tsintsiya a sunkuye, ɗaukar jarka, hawa babur.

Sannan ga abubuwan da takardun ba su tambaya sam, alhali su ne rayuwar mutanenmu. Shin kana iya ruku'u da sujada? Kana iya zaman tahiya, ko sai a kan kujera kake sallah? Kana iya tsuguno a masai? Kana iya zama a tabarma ka tashi ba tare da an ɗaga ka ba? Kana zuwa masallacin Juma'a, ko coci ranar Lahadi? Kana zuwa jana'iza da suna da ɗaurin aure? Mace tana iya goya ɗanta? Mutumin da gwiwarsa ta ƙi lanƙwasa zai iya cin maki mai kyau a takardar da ta ɗauka kowa a kan kujera yake zama, a tsaye yake wanka, alhali sau biyar a rana yana tuna nakasarsa.

Kalmomin da suka shafi zuciya sun fi wuya. Hausa tana da damuwa, ɓacin rai, baƙin ciki, ƙunci, fargaba, zullumi, firgita. Kowace da inda take dosa. Idan ka tambayi magidanci ko yana da damuwa, zai iya ce maka e, yana nufin kuɗin makarantar yara da tsadar masara. Haka ciwo: akwai zafi, akwai zugi, akwai raɗaɗi, akwai tsami, kuma kalmar ciwo kanta tana nufin rashin lafiya, tana nufin miki. Mai fassarar da bai zauna da majinyata ba zai zaɓi kalma ɗaya, kuma duk sakamakon binciken zai rataya a kan wannan zaɓi.

Ga kuma karin harshe. Hausar Kano ba ita ce ta Sakkwato ba, ba ita ce ta Damagaram ba, kuma akwai miliyoyin mutane a Borno da Adamawa da Filato da ke jin Hausa a matsayin harshe na biyu. Takardar da aka cika da manyan kalmomi irin na gidan rediyo za ta bar su a baya.

Da sauƙi, Alhamdulillahi

Ko an gyara kalmomi, akwai sauran aiki a kan yadda muke amsa tambaya. Ka shiga ɗakin majinyata ka ce da mutumin da ke kwance da robar fitsari, ya jiki? Zai ce da sauƙi. Haka aka tarbiyyantar da mu, kuma tarbiyya ce mai kyau. Haƙuri ado ne, yawan ƙorafi kuma ana ganinsa kamar rashin godiya ga Allah. Amma idan mai bincike ya rubuta wannan amsa a matsayin babu matsala, ya rubuta ƙarya da hannunsa.

Akwai kunya. WHOQOL-BREF tana da tambaya kan gamsuwa da auratayya. Tambaya ce mai muhimmanci ga wanda ya samu rauni a laka ko a ƙugu, domin gidaje da yawa a nan suke girgiza. Amma idan saurayi ɗan makaranta ne ke karanta wa matar aure tambayar, ga uwar miji a zaune a gefen gado, wace amsa ake tsammani?

Akwai kuma batun karatu. An tsara yawancin takardun ne don mutum ya cike da kansa. Da yawa daga mutanenmu ba sa karanta boko, wasu ajami suka iya. Kenan sai an karanta musu, kuma mai karantawa yana iya ƙara gishiri, ko ya taƙaita, ko ya ɗora wa mutum amsa ba da niyya ba. Zaɓi biyar irin su ba ko kaɗan, kaɗan, matsakaici, sosai, matuƙa suna da sauƙin gani a takarda, amma riƙe su a ka ta hanyar ji kawai wani abu ne daban. Idan kuma mutum ya zaci amsarsa za ta jawo masa tallafi, zai iya ƙara wa ciwon nauyi. Idan ya zaci za a sake kwantar da shi a caje shi kuɗi, zai rage.

Sai dai a yi hattara, kada a ɗauka duk wanda ya ce Alhamdulillahi ɓoye gaskiya yake yi. Wani bincike da aka yi a Amurka aka kuma wallafa a 1999, wanda aka zanta da mutum 153 masu nakasa, ya gano fiye da rabinsu sun ce rayuwarsu tana da kyau ko ma tana da kyau ƙwarai, saɓanin yadda masu kallonsu daga waje ke zato. Imani da dangi da samun abin yi suna riƙe mutum da gaske. Aikin takarda mai inganci shi ne ta raba biyun: ta gane wanda ya samu natsuwa ta haƙiƙa, ta kuma gane wanda ke rufa wa kansa asiri. Hanyar ita ce tambaya a kan aiki takamaimai. Maimakon ya jiki, a ce jiya da dare sau nawa ciwo ya tashe ka, ko kuma Juma'ar da ta wuce da ƙafarka ka je masallaci?

Aikin da aka riga aka fara

Ba daga sifili za a fara ba. Akwai ƙa'idar fassara da masana suka yarda da ita, wadda aka fi sani ta hanyar wata maƙala da ta fito a 2000. Mutum biyu ne za su fassara kowa shi kaɗai, ɗaya ya san fannin lafiya, ɗaya bai sani ba. A haɗa fassarorin su zama ɗaya. Wasu biyu da ba su ga asalin ba su mayar da ita Turanci. Kwamitin masana ya zauna ya tace. Daga nan a gwada ta a kan majinyata 30 zuwa 40, ana tambayar kowannensu abin da ya fahimta.

Wannan mataki na ƙarshe shi ne ya fi kowanne daraja a ganina. Fassarar kalma da kalma takan koma Turanci lafiya lau, ta ci jarrabawar kwamiti, amma tsohuwar da ke Rano ta kasa gane abin da ake nufi.

Masananmu, musamman likitocin gashin ƙashi, sun yi ƙoƙari. A 2014 an wallafa fassarar Hausa ta ma'aunin tasirin shanyewar ɓarin jiki. A 2020 masu bincike daga Jami'ar Bayero da abokan aikinsu sun wallafa fassarar Hausa ta SF-12, ƙanwar SF-36 mai tambayoyi 12, bayan sun gwada ta a kan masu ciwon baya na birni da karkara. A Jami'ar Ibadan kuma an ƙirƙiri ma'auni na gida ga masu amosanin gwiwa da ƙugu, wanda ke tambaya kan zaman sallah, da durƙusa wa manya, da amfani da masai na tsuguno, aka kuma fassara shi zuwa Hausa.

Abin lura shi ne, takardar da ta yi aiki a kan mai ciwon baya ba lallai ta yi aiki a kan wanda ya ƙone ko ya bugu a ka ba. Mai ƙuna yana fama da ƙaiƙayi da tabo da kallon mutane. Wanda ya bugu a ka yana iya tafiya garau amma ya zama mai mantuwa da saurin fushi, har iyalinsa su ce ba shi ba ne. Kowane rukuni sai an gwada takardar a kansa.

Haka batun maki. EQ-5D mai zaɓi biyar tana iya fitar da yanayin lafiya iri 3,125, kuma darajar da ake ba kowanne tana fitowa ne daga ra'ayin jama'ar ƙasa. Zimbabuwe ta fitar da nata jadawalin a 2003 (na EQ-5D mai zaɓi uku), Habasha a 2020. Duk wanda ya auna majinyacin Katsina da jadawalin Ingila, to da ra'ayin mutanen Ingila ya yanke hukuncin nauyin rashin iya tafiya a garin da babu titin keken guragu.

Masu cewa ba wannan ne a gabanmu ba

Wani zai ce: asibitin da babu jini, babu iskar numfashi, babu motar ɗaukar marasa lafiya, ina shi ina takardar tambayoyi? Maganar tana da nauyi, kuma ceton rai shi ne farko. Amma kiran waya na minti goma bai kai kuɗin ledar jini ɗaya ba, kuma shi ne zai nuna ko kuɗin da aka kashe a tiyata ya mayar da mutum kan sana'arsa. Idan aka gano cewa yawancin waɗanda aka yi wa aiki ba sa dawowa gashi saboda kuɗin mota, to mafita ita ce a kai sashen gashi kusa da su. Idan aka gano da yawa suna komawa wajen masu ɗori bayan sallama, sai a nemi dalili. Abin da ba a auna ba, ba ya shiga kasafin kuɗi.

Wani kuma zai ce idan kowa ya sauya tambayoyi yadda ya ga dama, ba za a iya kwatanta sakamakonmu da na wasu ƙasashe ba. Wannan ma gaskiya ce. Maganinta a riƙe gajeriyar takarda ta duniya kamar yadda take, da fassara mai inganci, sannan a ƙara mata wasu tambayoyi namu na gida a gefe. Ta farko ta yi magana da duniya, ta biyu ta yi magana da mu.

Hatsarin da ya fi damuna shi ne a mayar da majinyaci rijiyar ɗiban bayanai. A zo a tambaye shi sirrinsa, a samu digiri ko ƙarin girma, shi kuwa ko maganin rage zugi bai samu ba. Duk wanda amsarsa ta nuna yana cikin matsanancin ciwo ko ƙunci, wajibi ne a haɗa shi da wanda zai duba shi. Bayanansa kuma amana ce, kuma Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta hau kan duk wanda ya karɓe su.

Abin da ya kamata a yi

Na farko, manyan asibitocin da ke karɓar masu rauni, irin su Asibitin Ƙashi na Dala da asibitocin koyarwa na Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri, su haɗu a kan gajeriyar takarda guda da Hausa, su riƙa kiran majinyata bayan wata 6 da wata 12.

Na biyu, a sa malaman sassan Hausa na jami'o'inmu cikin aikin tun daga farko, tare da majinyatan kansu, maza da mata, na birni da na ƙauye. Likita ya san cuta, amma ba lallai ya san bambancin ƙunci da zullumi a bakin mutanen Zamfara ba.

Na uku, a naɗi tambayoyin da murya, ta namiji da ta mace, yadda kowa zai ji su iri ɗaya ta waya, kuma mace ta amsa wa mace ba a gaban kowa ba.

Na huɗu, fassarorin da aka riga aka yi a fito da su daga cikin kundayen digiri da mujallun ƙetare, a ajiye su inda ma'aikacin jinya a Azare ko Maraɗi zai same su.

Na biyar, hukumomin da ke da alhaki su nemi waɗannan alƙaluma su yi aiki da su. Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010 da dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, duka suna buƙatar hujjar da ke nuna irin asarar da rauni ya jawo wa mutum a rayuwarsa ta yau da kullum.

Hausawa na cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wanda aka yanke wa ƙafa, da wadda wuta ta cinye wa hannu, su suka san abin da ya rage musu da abin da suka rasa. Namu shi ne mu tambaye su yadda za su gane, mu rubuta abin da suka faɗa ba abin da muka zata ba, sannan mu yi aiki da shi.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya kiyaye mu daga tsautsayi.